'Yan dakon tashar jirgin ruwa a Galveston: na ɗauka, na biya, ga yadda na gan su

Jama'a assalamu alaikum. Tun da muka dawo ake ta tambayata a kasuwa da masallaci har Agege wajen 'yan uwa, wai yaya jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa yake, da gaske gari guda ne a ciki, abinci fa ana samun halal, ba a jin jiri. Duk zan zo kansu wani lokaci in Allah ya yarda. Yau kam kan abu ɗaya zan tsaya wanda ba wanda ya tambaye ni shi, alhali shi ne zai iya ɓata maka ranar ƙarshe ko ya gyara ta, wato 'yan dakon da ke jira a tasha ranar da za a sauka. Hukuncina tun daga farko shi ne in kana tare da tsoho ko ƙananan yara, ko akwatunanku sun fi hannayenku yawa, ka ɗauki ɗan dako kawai kada ka tsaya juya dala zuwa naira a kanka. In taurari ake bayarwa to huɗu cikin biyar na ba su, ɗayar da na riƙe zan faɗi dalili a ƙasa.

Ni harkar albasa nake yi a kasuwar Mile 12 da ke Legas, da 'yan dako nake wuni tun asuba in tirela ta iso daga Aliero ko Sakkwato, na san wanda ya iya aiki da wanda ƙarfi kawai gare shi, shi ya sa da na ga waɗannan na Amurka ido na zuba musu sosai.

Ƙanwata ce take aure a Houston, ita da mijinta suka matsa a kawo Hajiya ta huta a duba mata gwiwa, to a farkon 2025 muka tafi ni da uwargida da Hajiya, can kuma suka ce sun yanki tikitin jirgin ruwa gaba ɗayanmu har yaransu biyu. Kun san mu nan Legas duk da ruwa ya kewaye mu irin wannan jirgin ba ya zirga-zirga daga nan, Apapa da Tin Can da sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023 duk na kwantena ne da kayan kasuwa, na fasinja da muka sani su ne ƙananan nan da ke ɗauko mutane daga Ikorodu zuwa CMS. Saboda haka duk ɗan Legas da zai hau sai dai ya hau a waje, kuma ranar sauka zai ga tsarin da bai saba ba. Mu daga Galveston muka tashi, tsibiri ne a jihar Texas a bakin Tekun Mexico, kamar kilomita 80 daga Houston ta babban titin I-45, tana cikin manyan tashoshin irin wannan jirgi a Amurka bayan na Florida irin su Miami da Port Canaveral. Daga nan jiragen kan nufi Cozumel ta Mexico da Roatan ta Honduras su dawo.

Maganar ɗan dako ba a tasha take farawa ba, tun daren ƙarshe take farawa. Za ka dawo ɗaki ka tarar an ajiye maka takardar bayani da wasu dogayen sitika masu kala da lamba, ko kuma a ce ka je ka ɗauko su da kanka gwargwadon lokacin da kake son sauka. Zaɓi biyu ne. Na farko ka riƙe kayanka gaba ɗaya ka ja abinka da safe ka fita da kanka, su ake fara saukewa, amma ba wanda zai taɓa maka ko jaka ɗaya daga ƙofar ɗaki har waje. Na biyu ka ɗaura wa kowane akwati sitika ka rubuta sunanka ka fitar da shi bakin ƙofa kafin lokacin da suka yanka, yawanci wajen ƙarfe 10 ko 11 na dare, ma'aikatan jirgi su kwashe cikin dare, ba za ka sake ganinsa ba sai a ginin tasha. Mu na biyu muka zaɓa don manyan akwatunanmu takwas ne ga bakko ɗaya da Hajiya ta cika da tsarabar jikoki, ga ita kanta ba ta iya doguwar tafiya.

Nan fa sai an kula. Duk abin da za ka nema da safe kada ya shiga akwatin da za a fitar. Fasfo, katin jirgi da ake sikanin ɗinsa a ƙofar fita, maganin hawan jini da na suga, caja, kuɗi, kayan da za a sa gobe, takalmi, sallaya da buta don asuba tana nan gabanku kuma akwati ya riga ya tafi. Uwargida ce ta zauna ta ware wa kowa nasa a ƙaramar jaka, Hajiya na gefe tana cewa "Alhaji a bar min hijabina babba da carbina a waje fa, kada a tura min su ƙasa." Da safe a lif mun ga wani bawan Allah da silifas ɗin wanka yana bayani wa matarsa rai a ɓace, takalmansa duk sun bi akwati.

Da safe ana so ka bar ɗaki da wuri, wajen ƙarfe 8, saboda jirgin a ranar zai sake ɗaukar wasu dubban fasinjoji ya juya da yamma, shi ya sa komai a gurguje ake yinsa. Za ku zauna a falo ko wajen cin abinci ana kiran lamba ko kala a lasifika. Mai tsoho ya je tebur ɗin karɓar baƙi tun jiya ya nemi keken tura marasa lafiya, akwai wurin da suke tara masu buƙata, ma'aikacin jirgi ne zai turo ya sauko da mutum, wannan daban ne da ɗan dako kada a haɗa su. Mu haka muka yi wa Hajiya. Da aka kira lambarmu aka yi sikanin katinmu muka bi doguwar gadar da ta haɗa jirgi da gini muka sauka ƙasa.

Wurin kayan wani makeken zaure ne kamar sito, an jera akwatuna layi layi a ƙasa, kowane rukuni da allon lambarsa a sama. Ba bel mai juyawa irin na filin jirgin sama a inda muka sauka, kai za ka bi layi kana dubawa. Kuma wallahi kusan rabin akwatunan duniya baƙaƙe ne iri ɗaya. Abin da ya cece mu ƙanwata ta yayyaga wani tsohon atamfa mai ruwan lemo ta ɗaura a hannun kowane akwati tun kafin mu bar gida, daga nesa kana hango namu. Ku yi haka, ba ya cin ko sisi.

A bakin zauren nan 'yan dakon suke, kowa da rigar aiki mai ɗaukar ido da babban amalanke na ƙarfe mai faɗi wanda zai ɗauki akwati goma ba matsala. Ba sa rububinka, ba mai fizge maka jaka daga hannu yana cewa ni na fara gani, hannu kawai za ka ɗaga ko ku haɗa ido ka yi masa alama. Mijin ƙanwata ya ɗaga hannu wani dattijo baƙar fata ya turo amalankensa, a ido zai haura shekara hamsin, ya gaishe mu ya kalli Hajiya a keke ya ce mata Mama barka da dawowa, sannan tambayarsa ta farko guda nawa ne, ta biyu wace lamba, ta uku me zai ɗauke ku a waje, motar gida ko bas ko taksi. Daga tambayoyin nan uku na gane mutumin ya san aikinsa, don ɗan dakon kirki kafin ya ɗaga kaya sai ya san adadi ya san inda za a sauke. Muka bi layi muna nuna masa yana ɗorawa, masu tauri da nauyi a ƙasa a kwance, masu taushi a sama, bakkon Hajiya ya ɗaga ya ji yadda take ya sa ta can ƙarshe a sama ya tokare ta da wani akwati don kada ta zame. Da ya gama ya sake ƙirgawa da yatsa a gabanmu, tara, ya ce in ƙirga ni ma. Na ƙirga. Har ƙananan jakunkunan da muke rataye da su ya ce mu ɗora in muna so, na ba shi biyu na riƙe mai fasfo da kuɗi, ya ce haka ya kamata.

Babban amfaninsa ba ma ɗaukar nauyin ba ne, layin kastam ne. Daga zauren kaya kowa sai ya bi ta gaban jami'an shige da fice da kastam na Amurka tunda jirgin ya je wata ƙasa ya dawo, to lokacin da muka fito layin ya yi lanƙwasa ya kai kusan ƙarshen zaure, mutane na jan akwati biyu biyu yara na kuka wani akwatin ya faɗi a tsaya a ɗaga. Amalanke ba zai iya bin wannan lanƙwasar ba don haka 'yan dako ta gefe suke bi, layinsu daban kuma gajere, wanda ya ɗauke su yana biye da su. Ba cuwa-cuwa ba ce ba kuma cin hanci ba, haka tsarin wurin yake a ranar da muka sauka, kowa na gani. Ban ce kowace tasha haka take ba ko kullum haka ne, amma mu kam abin da zai ɗauke mu lokaci mai tsawo a tsaye cikin 'yan mintuna muka isa gaban jami'i. Ga mai tsohuwa da ta sha magani tun asuba tana buƙatar banɗaki, wannan kaɗai ya biya kuɗin.

Sai dai a sani ɗan dako layi yake rage maka, ba tambaya ba. Masu fasfon Amurka kyamara suke kallo ta gane fuskarsu su wuce, mu masu koren fasfo jami'i ya karɓa ya duba biza ya yi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, dattijon nan ya ja amalanke gefe ya tsaya yana jira bai nuna ƙosawa ba, bai kuma sa baki ba ko da kalma ɗaya. Kada wani ya yi tunanin zai ba shi wani abu ya wuce masa da kaya ba a duba ba, babu wannan. 'Ya'yan itace da ka ɗauko daga wajen cin abinci na jirgi, tuffa ko ayaba, ba a fita da su, nama ma haka, masu son tafiya da kilishi ku kiyaye, duk abin ci da ke jakarka gara ka faɗa da bakinka. 'Yan kasuwa da 'yan canji kuma kun san dokar, kuɗi in ya haura dala 10,000 sai an bayyana, kuma iyalin da ke tafiya tare jimillar kuɗinsu ake lissafawa ba na kowa daban ba. Sannan maganar biza, fita da jirgin nan fita ce daga Amurka, dawowa kuma sabuwar shiga ce. Mu tamu irin ta shekara biyar ce mai shiga da yawa da aka fara bayarwa a 2023, amma a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya shiga ɗaya ta wata uku, dokokin kuma suna ta canzawa, don haka kafin 'yan uwa su yankar maka tikiti ka duba abin da aka buga a fasfonka ka tambayi kamfanin jirgin.

Da muka fito waje ne na ƙara gode wa Allah da muka ɗauke shi. Wajen cike yake, masu sauka na fita masu shiga sun fara isowa da nasu kayan, bas bas, taksi, masu Uber, 'yan sanda na busa usur suna korar duk motar da ta daɗe a tsaye. Mijin ƙanwata ya bar motarsa a wani filin ajiye motoci da ke nesa kaɗan, sai an hau ƙaramar bas an je an ɗauko. Dattijon ya ce masa kada mu kwashi Mama da kaya mu hau bas ɗin nan, kai kaɗai ka je ka ɗauko mota ka zagayo ta layi kaza, ni zan ajiye su inda akwai inuwa da benci. Haka aka yi. Ya sauke kayan a jere kusa da bencin ya sake ƙirgawa, ya ce ba zai iya tsayawa har motar ta zo ba don akwai mutane a ciki suna jira, amma in ya fito da kaya na gaba zai leƙo. Na ɗauka magana ce kawai irin ta sallama. Wallahi ya leƙo, daidai motar ta iso, ya sa hannu aka loda but ɗin tare, alhali na riga na sallame shi tun ɗazu. Hajiya ta ce "Alhaji ka ce masa Allah ya yi masa albarka, Allah ya ba shi masu yi masa." Na faɗa masa da turanci, ya cire hula ya dafa ƙirji.

To maganar kuɗi. Babu farashi a rubuce, babu rasit, ba a ciniki kafin a ɗora. Tukwici ne, kuma da tsabar kuɗi, ba kati ba taransfa ba. Abin da aka saba faɗa shi ne dala 1 zuwa 2 kan kowane akwati, da yawa yanzu suna ba da fiye da haka musamman in kayan na da nauyi ko ya raka ka nesa. Ni dala 30 na ba shi kan kaya tara da ƙananan jaka biyu, ƙanwata ta ce "Yaya ashirin ma ta isa ai", na ce a'a ki bari. Na sani, a lokacin dala ta haura naira 1,500, in ka buga lissafi ya wuce dubu arba'in da biyar, a Mile 12 kuɗin nan buhu nawa zai sauke daga tirela. Amma wanda ya iya biyan jirgin sama daga Legas ya biya ɗaki a jirgin ruwa, bai kamata a ce kan dala goma ta mai ɗaukar masa kaya ne zai fara tsumulmula ba. Kuma mu Musulmi an ce mana a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, ba a ce sai ɗan garinku ba.

Wani abu da ke rikita mutane, a cikin jirgi kullum ana cire wa kowane fasinja kuɗin tukwicin ma'aikata, manyan kamfanoni suna cire tsakanin dala 16 zuwa 20 a rana, sai mutum ya ce ai na riga na biya. Wancan na masu gyaran ɗaki ne da masu kawo abinci, ma'aikatan jirgi. 'Yan dakon tasha ba ma'aikatan jirgi ba ne sam, ma'aikatan tashar ne, a tashoshin gabashin Amurka da na bakin Tekun Mexico yawancinsu 'yan ƙungiyar ma'aikatan tashar jiragen ruwa ce da ake kira ILA, tsohuwar ƙungiya tun 1892. Ita ce ta yi yajin aiki na kwana uku a farkon Oktoban 2024 ta tsayar da sauke kwantena daga Maine har Texas, amma ta ce ba za ta taɓa jiragen fasinja ba don kada a ɓata wa iyalai hutunsu. Kenan suna da albashinsu, ba da tukwicinka kaɗai suke rayuwa ba, shi ya sa ba za ka ga roƙo ko naci a fuskarsu ba. Duk da haka al'adar wurin ce a bayar, kuma wanda ya hana an san ya hana.

Yanzu tauraruwar da na riƙe. Na ɗaya ba su da yawa in aka kwatanta da jama'a. Jirgi ɗaya na sauke mutum dubu uku dubu huɗu wani ma fiye, duk cikin awa uku ko ƙasa da haka, to in lambarka ta faɗo tsakiyar cunkoso za ka iya tsayawa kana ɗaga hannu duk wanda ya wuce amalankensa cike. Mun ga wata mata da yara uku tsaye kan tulin kayanta tana ta waige, har muka bar zauren ba ta samu ba, abin ya tsaya min a rai. Babu layin jira na masu neman ɗan dako, babu lamba, wanda ya fi kusa da ƙofar da suke dawowa ta ciki shi ke samu. Dabarar ita ce mutum ɗaya ya tsaya kan kaya ɗaya ya je bakin ƙofar nan ya tare wanda ya dawo da amalanke ba kaya. Na biyu sauri. Su lokaci ne kuɗinsu, yawan zuwa da dawowa shi ne yawan abin da za su samu, namu dattijon ya yi haƙuri da mu amma na ga wani matashi ya yi gaba da kayan wasu tsofaffi biyu suna ta ɗingishi a baya ba sa ko hango shi. In ka ga haka ka ce masa ya rage, ko mai ƙarfi a cikinku ya bi amalanken ƙafa da ƙafa. Na uku wasu kan haɗa kayan gida biyu a amalanke ɗaya in kayan ba su da yawa, a nan ne ake sauke akwatin wani a motar wani, shi ya sa ƙirga nan da na ce ba wasa ba ce, a ƙirga a zaure a ƙirga a bakin mota.

Akwatinmu ɗaya ya fito taya ɗaya a karye. Wannan ba zan ɗora wa ɗan dakonmu ba don a haka muka same shi a zaure, tsakanin ƙofar ɗaki da tasha hannu da yawa ya bi, cikin manyan kejin ƙarfe ake tula su a sauke. In ka ga irin haka ka nuna wa ma'aikacin kamfani da ke zauren tun kafin ka wuce kastam a rubuta, don in ka fita ba a komawa ciki. Turare da duk abin da ke fashewa a riƙe a hannu.

Abin da ya fi zama min a zuciya shi ne da na dawo kasuwa na tsaya ina kallon yaranmu. Buhun albasa babba yakan kai kilo 100, akwatin jirgin sama kilo 23 ne, yaro ɗan shekara ashirin daga Kebbi ko Zamfara ko Jigawa zai sunkuya a ɗora masa buhun nan a wuya ya sauko ta kan katako daga tirela ya ratsa caɓi da ruɓaɓɓen tumatir, ga matan Yarbawa alabaru da manyan kwanoni a ka suna bin masu sayayya, wata da goyo. Wallahi dattijon Galveston bai yi kwatan aikin da suke yi ba a wuni. Abin da ya fi su da shi amalanke mai taya mai kyau, daɓe mai santsi, takalmin aiki, da ƙungiyar da ke zama da masu tasha ta yanka masa albashi. Namu in bayansa ya riƙe sai dai a haɗa masa kuɗin mota ya koma gida. Kuma mu ɗin nan da muke miƙa dala ba ciniki a ƙasar wasu mu ne muke tsayawa ja-in-ja da yaro kan naira ɗari biyu. Na yi wa shugabannin sashenmu magana kan a sayi baro da amalanke na haɗin gwiwa a kuma yanka farashin sauke buhu a manna kowa ya gani, wasu sun karɓa wasu sun ce ba yau aka fara dako a ka ba. Maganar tana nan ban bar ta ba.

Wanda ba ya buƙatarsu shi ne matashi ko mata da miji masu akwati ɗaya ɗaya mai taya huɗu, ku riƙe kayanku ku bi sahun farko ku fita tun kafin zaure ya cika, kun ma fi kowa saurin isa mota. Amma ku sani lif a safiyar nan cike yake, za ka iya tsayawa ya buɗe sau da yawa ba wurin shiga, in ɗakinka na hawa na tara ko goma kuma kayanka sun fi ƙarfin matakala to kada ka zaɓi wannan.

Masu wucewa filin jirgin sama kai tsaye daga tasha, Houston filaye biyu gare ta, Hobby ya fi kusa, babban na George Bush yana can arewacin gari tafiyar awa ɗaya da rabi ko fiye in akwai go-sulo, kada ku yanki jirgin safe, ku bar shi bayan azahar. Ku faɗa wa ɗan dako filin da za ku tun a zaure don bas ɗin kowanne da inda yake tsayawa.

Canji kuma ku nema tun daga nan Legas. In ka je wajen 'yan canjinmu a Broad Street ko Allen ko Agege kowa 'yar ɗari yake nema sabuwa, ƙananan takardu ba a son su har farashinsu ya fi sauƙi, to ka ce a haɗa maka 'yan ɗaya ɗaya da biyar biyar da goma goma na kamar dala 60 ka ware su a ambulan daban, rabi na ranar shiga don su ɗin dai ne za su karɓi akwatunanka a bakin tasha, rabi na ranar sauka. In ka manta, tebur ɗin karɓar baƙi na jirgi suna fasa babbar takarda, amma ka je tun da rana don daren ƙarshe layinsu ya fi na ko'ina tsawo.